Matatar Ƙazamin Ruwa da Ke Ba Kanta Wuta: Daga Warin Landan Zuwa Ƙauyen Strass

Ga rubutun shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bar su sun saurari sautin ba, da kuma waɗanda suka fi son karatu a nutse. Tun yanzu ina ba mai cin abinci haƙuri, saboda yau hirar masai da kwata za mu yi.

Idan ka kora ruwa a banɗaki, ko aka yi wanke-wanke aka zubar, ina ruwan nan yake tafiya? A manyan biranen duniya, bututu ne a ƙarƙashin ƙasa ke kwashe shi daga gidaje zuwa wani fili a bayan gari, a tace shi, sannan a sake shi cikin kogi. Wannan wuri shi ake kira matatar ƙazamin ruwa. Injinanta ba sa tsayawa dare da rana, kuma a garuruwa da yawa tana cikin abubuwan da suka fi cinye wa hukumar gari kuɗin wutar lantarki. To amma a shekarar 2005, wata matata a ƙauyen Strass na ƙasar Ostiriya ta yi lissafin ƙarshen shekara, sai ga shi wutar da ta samar ta fi wadda ta sha. Kuma daga cikin ƙazantar da ake turo mata ta fitar da wutar. Yadda aka iso nan shi ne labarinmu na yau. Tafiya ce ta kusan shekara 150, kuma ni a ganina ta fi shafarmu a kan yadda ta shafi su kansu Turawan.

Bari mu fara da Landan. A tsakiyar ƙarni na 19 birnin ya cika ya tumbatsa, masu hali sun fara sanya banɗaki mai korawa da ruwa, ramukan salga suna cika suna ambaliya. Hukuma ta ce a riƙa juye komai cikin magudanan ruwan sama, su kuma magudanan suna zubawa a Kogin Tems, kogin da jama'a da dama ke shan ruwansa. Kwalara ta kashe mutum fiye da 14,000 a birnin a tsakanin 1848 da 1849, ta dawo a 1853 da 1854 ta ɗauki fiye da 10,000. A 1854 ɗin ne likita John Snow ya bi sawun cutar har zuwa wani famfon unguwa a titin Broad, ya nuna cewa ta ruwan sha take yaɗuwa. Mahukunta ba su saurare shi sosai ba. Abin da ya motsa su shi ne bazarar 1858, lokacin da zafi ya dafa kogin, wari ya hana 'yan majalisa zama a zaurensu da ke bakin ruwa, har sai da aka jiƙa labulen tagogi da maganin kashe wari. A cikin 'yan makonni doka ta wuce, kuɗi suka fito. Kun ji fa. Gawarwakin talakawa dubbai ba su yi abin da hancin manya ya yi ba.

Injiniya Joseph Bazalgette ne ya jagoranci aikin. Ya gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa masu tsawon mil 82, da ƙanana fiye da mil dubu, da tashoshin tura ruwa masu aiki da gawayin kwal. Sai dai aikinsa bai tace komai ba, ya dai matsar da ƙazantar zuwa gabashin birni ya zuba ta a kogin can ƙasa. A watan Satumba na 1878 jirgin ruwan fasinja mai suna Princess Alice ya nutse kusa da inda ake zubar da ita, mutum fiye da 600 suka mutu a cikin gurɓataccen ruwan. Daga nan ya fito fili cewa matsar da ƙazanta daban, kawar da ita daban.

A nan tarihin ya rabu hanya biyu, kuma duk wanda ya riƙe waɗannan hanyoyi biyu ya gama fahimtar shirin yau.

Hanya ta farko ita ce a rufe ƙazanta a hana ta iska. Tun a 1776 masanin kimiyyar Italiya Alessandro Volta ya lura da kumfar da ke tasowa daga taɓon bakin Tafkin Maggiore, ya tara iskar, ya ga tana kama wuta. Ita ce iskar gas da ake kira metan. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ba sa son iskar oksijin suke cin ruɓaɓɓen abu su fitar da ita, irin aikin da ake yi a cikin tumbin saniya. A 1895 mai safiyon birnin Exeter na Ingila, Donald Cameron, ya gina rufaffen tanki na tara ƙazantar gari, aka kuma yi amfani da gas ɗin da ke fita daga ciki wajen kunna fitilu. A ƙarshen wannan ƙarni, asibitin kutare na Matunga da ke Bombay ta Indiya, wato Mumbai ta yau, shi ma yana haska kansa da gas ɗin masansa. A 1906 injiniyan Jamus Karl Imhoff ya fito da tanki mai hawa biyu, sama ruwa ya kwanta, ƙasa laka ta ruɓe. Ashe ke nan tun kafin a haifi kakanninmu an san cewa kashi yana ba da wuta. Matsalar wannan hanya ita ce tana da nawa, kuma ruwan da ke fita daga cikinta bai kai tsabtar da za a sake shi a kogi hankali kwance ba.

Hanya ta biyu ita ce akasin haka, a cika ruwan da iska. An daɗe da sanin cewa in aka yi ta hura iska cikin ƙazamin ruwa zai washe, amma sai an yi makonni. Wasu masanan sinadarai biyu a matatar Davyhulme ta birnin Manchesta, Edward Ardern da William Lockett, suka gwada wani abu mai sauƙi. Duk sanda suka gama hura wa kwalba iska, ruwan ya washe, sai su tsiyaye shi su bar lakar da ta kwanta a ƙasa, su sake zuba sabon ƙazamin ruwa a kanta. Da aka yi ta maimaitawa, aikin makonni ya koma na ƙasa da kwana ɗaya. Dalili shi ne lakar nan cike take da ƙwayoyin halitta masu son oksijin, kuma duk zagaye sai sun ƙaru. Masu dama kunun zaƙi ko masu kwaɓin fanke sun san wannan dabara, ragowar jiya ita ke tayar da na yau. A watan Afrilun 1914 suka gabatar da sakamakonsu, kuma wannan tsari na laka mai rai shi ne har gobe ƙashin bayan yawancin manyan matatun duniya. Rayukan da ya ceta ba su lissafuwa.

Amma kowane gyara da kuɗinsa. Ƙwayoyin nan sai da iska, iska kuma sai da inji. Ka ɗauki zugazugin maƙeri, ka mai da shi girman ɗaki, ka ce kada ya tsaya ko na awa ɗaya har abada. Hura iskar nan kaɗai kan cinye rabin wutar da matata ke sha, wani lokaci ma fiye. Abin takaicin kuma, me ake yi da iskar? Ƙona abincin da ke cikin ruwan ake yi a hankali, ƙwayoyin su cinye shi su fitar da shi a matsayin hayaƙin numfashi. Wannan abincin kuwa shi ne zai zama gas da an kai shi rufaffen tanki. Wato ana sayen wuta domin a lalata makamashi. A 2004 wasu masu bincike a Toronto ta Kanada suka auna makamashin da ke cikin ɗanyen ƙazamin ruwan wata matatar birnin, suka tarar ya ninka wutar da ake kashewa wajen tace shi kusan sau tara. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ba wai an watsar da gas ɗin gaba ɗaya ba. Daga shekarun 1920 manyan matatu a Jamus da Ingila sun riƙa haɗa hanyoyin biyu, ruwa a hura masa iska, lakar da ta taru kuma a kai ta wani katafaren rufaffen tanki mai ɗumi. Ni dai zan riƙa kiransa tumbi, domin aikinsa ke nan. Ana riƙe shi a zafin jikin mutum, wajen digiri 35 zuwa 37, lakar ta yi kamar mako uku a ciki, gas ya riƙa tashi, kusan kashi biyu cikin uku nasa metan ne. A shekarun 1930 da lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da man fetur ya yi wuya, har motocin hukuma aka riƙa tuƙawa da shi a wasu biranen Jamus. Bayan yaƙi mai ya yi arha, wuta ta yi arha. A matatu da yawa aka koma ɗumama tumbi da ɗan abin da ake buƙata, sauran a cinna masa wuta a bakin bututu ya ƙone a banza. Mu 'yan Najeriya mun san wannan hoto daga yankin Neja Delta. Sai da rikicin mai na 1973 ya ninka farashi sannan aka fara waiwayen abin da ake ƙonawa.

A shekarun 1970 ɗin ne Farfesa Botho Böhnke na jami'ar Aachen a Jamus ya kawo wata dabara, a raba tacewar gida biyu. A matakin farko ruwa ba ya daɗewa, iskar da ake hurawa kaɗan ce, ƙwayoyin ba sa samun lokacin ƙona abincin, manne shi kawai suke yi a jikinsu su kwanta da shi a ƙasa. Sai a kwashe su da kayan nan a kai tumbi. Mataki na biyu kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Riba biyu ke nan: tumbi ya sami abinci mai yawa, zugazugi kuma ya sami sauƙin aiki.

A kan wannan tsari aka gina matatar Strass, wadda ta fara aiki a 1989. Strass ɗan ƙauye ne a yankin Tirol, a bakin kwarin Ziller, tsakanin manyan duwatsu masu ƙanƙara. Matatar ba ta ƙauyen kaɗai ba ce, garuruwa wajen talatin ne suka haɗa kai suka kafa ta. Kuma aikinta da wuya, domin da hunturu masu zuwa wasan zamiya a ƙanƙara kan cika otal-otal, nauyin da ke kanta ya tashi daga na mutum dubu casa'in zuwa fiye da na mutum dubu ɗari biyu. A 1996 wutar da take samarwa kashi 49 cikin ɗari ce ta abin da take sha. A 2005 ta kai kashi 108. Me ya faru a cikin waɗannan shekaru tara?

Abin da ya fi burge ni shi ne babu wata rana guda da aka kawo wani injin mu'ujiza aka yanka kirtani. Ma'aikata ne suka zauna suna auna komai, suna toshe ɓaraka ɗaya bayan ɗaya. Suka canza kawunan da ke fesa iska a ƙasan tanki zuwa masu fitar da ƙananan kumfa, domin ƙaramar kumfa ta fi narkewa a ruwa. Suka sanya na'urar awo a cikin ruwan, ita ke gaya wa injin lokacin da zai hura iska da lokacin da zai huta, maimakon ya yi ta gudu ko da tsakar dare da kowa ke barci. Suka gyara yadda ake matse laka kafin ta shiga tumbi. Suka sauya injin da ke ƙona gas ya ba da wuta da wanda ya fi shi inganci, zafin da injin ke fitarwa kuma aka mayar da shi ɗumama tumbi. A Ostiriya kuma akwai al'adar matatu su riƙa kwatanta alƙalumansu da juna, ta yadda kowa zai ga inda maƙwabcinsa ya fi shi. Sannu ba ta hana zuwa. Duk da haka akwai wani gungume da ya rage a hanya, sunansa naitirojin.

Ku ɗan yi haƙuri da ni a nan, kimiyyar ba ta da tsawo. Fitsari da kashi suna ɗauke da sinadarin amoniya, shi ne warin da ke dukan hanci a lungun da ake fitsari. Amoniya ɗan gidan naitirojin ne, wato taki ne. In ya shiga kogi da yawa, gansakuka ta rufe ruwa, kifi su mutu. Shi ya sa dokokin Turai suka tilasta a cire shi. Tsohuwar hanyar cirewa mataki biyu ce: a hura iska mai yawa domin wasu ƙwayoyi su sauya shi, sannan a ba wasu ƙwayoyin abinci domin su mayar da shi iskar naitirojin ta koma sama. Matakin farko yana cin wuta, na biyu yana cin abincin da ya kamata ya je tumbi. Wani ƙarin ciwon kai kuma, ruwan da ake matsewa daga lakar da ta fito daga tumbi cike yake da amoniya, kuma komawa yake yi cikin matatar. Duk yadda ka ƙara wa tumbi abinci, haka wannan nauyi ke ƙaruwa.

A 1977 wani masani ɗan Ostiriya, Engelbert Broda, ya yi lissafi a takarda ya ce dole akwai wata ƙwayar halitta a duniya da ke iya cin amoniya ba tare da oksijin ba, ba a dai gano ta ba ne. Shekaru suka shuɗe. Sai a wata masana'antar yis da magunguna a birnin Delft na ƙasar Holan, aka lura amoniya na ɓacewa a wani tankin gwaji da babu iska a cikinsa. Arnold Mulder da masanan jami'ar Delft suka bi diddigi, suka wallafa sakamakon a 1995. Ƙwayoyin ja ne jawur, ana kiransu anamoks, kuma a cikin aikinsu har wani sinadari suke haɗawa irin wanda ake zuba wa roka. Da su ana rage iskar da ake hurawa domin cire naitirojin da kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma ba sa neman a ba su abinci. Aibinsu nawa. Wasu ƙwayoyin kan ninka kansu cikin rabin awa, su kuwa sai sun yi kwana goma ko mako biyu. Babban tankinsu na farko da aka gina a Rotterdam a 2002 sai da ya ɗauki fiye da shekara uku kafin ya kama aiki sosai.

A Strass, Bernhard Wett na jami'ar Innsbruck tare da ma'aikatan matatar suka tsara hanyar kiwon waɗannan ƙwayoyi a tanki guda, aka ɗora su a kan ruwan nan mai yawan amoniya da ke fitowa daga tumbi. A 2004 aka yi wannan. Shekarar da ta biyo baya aka tsallake ɗari bisa ɗari. Bayan nan suka fara karɓar ragowar abinci da maiƙo suna ƙarawa a tumbi, rarar wutar ta ƙaru, suna tura ta layin wutar gari.

Da aka ga abu mai yiwuwa ne, sai wasu suka bi. A 2012 matatar da ke Oakland a jihar Kalifoniya ta zama ta farko a Arewacin Amurka da ke samar da wuta fiye da buƙatarta, ita kuma sirrinta motocin da ke kawo mata sharar abinci da ta masana'antu. Matatar Marselisborg a birnin Aarhus na Denmak ta kai ga samar da rarar wuta ta kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, har da zafin ɗumama gidaje. A 2024 Tarayyar Turai ta sabunta dokarta, ta ce nan da 2045 matatun kowace ƙasa, in an haɗa su jimla, su riƙa samar da makamashi mai sabuntuwa daidai da abin da suke sha. Abin da ƙauye ɗaya ya yi ya zama doka a kan nahiya.

Na san wani zai ce, to ai waɗannan duk ƙasashen sanyi ne masu kuɗi. Shi ya sa nake so mu leƙa Jodan, ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa, wadda ba ta da arzikin mai irin na maƙwabtanta. Matatar As-Samra da ke kusa da Zarƙa tana karɓar ƙazamin ruwan Amman da kewaye. An buɗe ta a 2008, aka faɗaɗa ta a 2015. Kusan kashi 80 cikin ɗari na wutarta daga kanta take samu, wani daga gas ɗin tumbi, wani kuma daga wata dabara ta daban: da yake Amman a kan tudu take, ruwan da ƙarfi yake gangarowa, sai aka sa masa injin da zai juya ya ba da wuta. Ruwan da aka tace kuma yana tafiya Madatsar Sarki Talal, manoma su yi ban-ruwa da shi.

To yanzu mu dawo gida. Gaskiyar magana, yawancin garuruwanmu ba su ma kai matakin Bazalgette ba. Abuja na da matatar Wupa da aka buɗe a 2007, amma a Kano da Kaduna da Sakkwato da Zinder, masai ne da sokawe, in sun cika a kira motar kwasa ko masu kwasa da hannu. Ina ake kai abin da aka kwasa? Wanda ya san Jakara a Kano ya san amsar wani ɓangare. A 2021 mutum fiye da dubu ɗari ne aka yi zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi ɗanɗanawa. Don haka ba da wasa nake wannan hira ba.

Ga inda tarihin ya haɗu da mu. Ga Bature, matata mai ba kanta wuta maganar rage kuɗi ce da kare muhalli. Gare mu maganar matata ta rayu ko ta mutu ce. Laka mai rai sunanta ke nan, rai gare ta. In aka ɗauke wuta injin hura iska ya tsaya, cikin 'yan awoyi oksijin ya ƙare, in abin ya yi tsawo ƙwayoyin su mutu, kuma dawo da su aikin makonni ne. Na taɓa shiga wata ƙaramar matata a wani rukunin gidaje. Injinan suna nan lafiya lau a ƙarƙashin rumfa, tankunan sun yi baƙi ƙirin suna wari, ruwan kuma yana wucewa zuwa rafi yadda ya shigo. Maigadin ya ce mini tun da dizal ya yi tsada aka daina tayar da janareto. An kashe kuɗin gini, an yi bikin buɗewa, amma ba wanda ya tambayi wa zai sayi mai na shekara ashirin.

Kuma muna da abin da Strass ba ta da shi. Su sai sun kashe wani ɓangare na makamashinsu wajen ɗumama tumbi a cikin ƙanƙara. Mu zafin da tumbi ke so shi ne zafin da muke kuka da shi a watan Afrilu. Muna da tumbudin mayanka, da ruɓaɓɓen tumatir da kayan gwari a kasuwanni, irin kayan da Oakland ke aika motoci su ɗebo. Mayar da sharar gari amfanin gona ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin manoman kewayen Kano sun yi ƙarni suna ɗora taki a kan jakuna daga cikin birni zuwa gonaki. A Ashaiman ta ƙasar Gana, tun 2017 akwai wata masana'anta da ke haɗa abin da aka kwaso daga banɗakunan jama'a da sharar kasuwa, ta fitar da wutar lantarki da taki. Ba ta jira sai an shimfiɗa wa gari bututu ba.

Kada kuma in sayar muku da abin da ya fi gaskiya daɗi. Tumbi ba ya yafe sakaci. In yana yoyo, metan ɗin da ke tsira ya ninka hayaƙin kabon wajen ɗumama duniya kusan sau 28, ka ga garin gyaran gira an rasa ido. Abin da ya daɗe a cikin masai ya riga ya ruɓe, gas ɗinsa kaɗan ne, dole sai an haɗa shi da sabuwar shara. A ƙaramin gari mai wadatar fili, jerin kududdufan tacewa da rana da gansakuka ke yi wa aiki, waɗanda ba sa buƙatar wuta ko kaɗan, sun fi kowane inji dacewa. Kuma abin da ya kai Strass ga kashi 108 ma'aikata ne masu horo, da ake biyansu albashi a kan kari, suka yi shekara da shekaru suna awo suna rubutawa. Ana iya shigo da inji a kwantena, su kuwa waɗannan sai an rene su.

Saboda haka, 'yan uwana matasa, duk ranar da kuka ji gwamnati ko ɗan takara yana alƙawarin gina matatar ƙazamin ruwa, ko kuka ga an saka ta a kasafin kuɗi, kada ku tsaya a tafi. Ku tambaya: wutar da za ta ci nawa ce, kuma daga ina za ta fito ranar da aka ɗauke? Lakar ina za a kai ta? Su wa za su riƙe wurin bayan ɗan kwangila ya tafi? Masu karatun injiniya da kimiyyar ƙwayoyin halitta kuma, ga fage nan a buɗe, ba kowa ke rububinsa ba saboda wari. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuma garuruwanmu kullum safiya suna zubar da nasu a kwata.

Nan za mu dakata. A tura wa wanda ya kamata ya karanta, musamman in kana da kansila ko ɗan majalisa a cikin lambobin wayarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.